Keken Ɗinkin Ƙyalƙyali

Zuwa ga Tabarau,

Mai kemis ɗin ƙofar gidanmu ce take rubuta mini wannan, ina faɗa tana sawa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, don haka in kin ji wani abu ba daɗi, daga bakina ya fito. In ta gama za ta ɗauki hoton takardar da wayarta ta tura miki. Kada ki kira ni. Kunnena ya yi nauyi, in aka kara mini waya sai in ji kamar ana suya a gidan maƙwabta.

Ni ce matar ƙanen kakanki, in kin manta. Ni na ciro miki ƙwayar wake daga hanci kina 'yar mitsitsiya, uwarki tana gefe tana ihun banza. Ina gaishe ki, ina gaida mijin naki da ban taɓa gani ba. An ce cikinki ya tsufa, Allah ya raba lafiya. Ni ƙalau nake, ban da gwiwa, ita kuwa na daina sa ta a lissafi.

Ɗana, baffanki Direba, ya ce aikinki gyaran shafukan intanet. To ga aiki.

Kin san ba nan muka tashi ba. Unguwarmu ta da tana ƙarƙashin ruwa tun da aka gina madatsa. Lokacin da aka zo kwashe mu, ƙasar kabarin marigayi mijina ko bushewa ba ta yi ba, ga ni da yara reras. Ina da maƙwabciya, katangarmu ɗaya, ana ce mata Ƙyalƙyali don ba ta sa zane sai mai walƙiya. Ita kuma Ɗaci take ce mini, wai ba na dariya. Tela ce. Ranar tashi motarsu daban, tamu daban. Ana ɗaure kaya sai ga ta da mijinta sun ɗauko keken ɗinkinta sun cusa a motarmu. Ta ce, “Ɗaci, tamu ta cika, riƙe mini ajiya, zan zo in ɗauka.” Aka kai su wani wuri, aka kawo mu nan. Ba ta zo ba. Na tambaya har na gaji.

Keken yana nan. Ina sa masa mai, ina lulluɓe shi, na canza masa bel sau biyu don na farko ya bushe yana zaune. Ban taɓa sa masa zare ba, tunda ba nawa ba ne.

Yanzu an sayar da gidan da nake haya. Ƙarshen watan gobe Direba zai mai da ni wurinsa a saman bene. Na je na ga ɗakin da idona: in gado ya shiga, sai dai ni in shiga a karkace. Matarsa ba ta da laifi, ginin ne haka. Shi kuwa har ya kawo mini ɗan gwangwan mai sayen tsohon ƙarfe, ya ɗaga keken ya ji nauyinsa yana lashe baki. Na kore shi da tsintsiya.

'Ya'yan tsohuwar unguwa sun buɗe shafi a intanet, wani allo mai layi-layi da gida-gida: gidan suna, gidan wanda kake nema, gidan saƙo. Mai kemis ta sa ni a ciki. A ƙarƙashin keken akwai alamar da mijin Ƙyalƙyali ya karce da ƙusa, kamar bakin tsuntsu a buɗe da harafi manne da shi. Na ce ta sa alamar yadda take, don mai abu ta gane abinta. Ga ta nan ta zana miki: <S

Da muka duba, sai shirme. Sunana ya koma ÆŠaci, nata ya koma Æ˜yalÆ™yali, kamar kaza ta taka tawada. Saƙon kuma ya tsaya daidai kan “mai alamar”, daga nan ba komai. Lambar wayar mai kemis da muka sa a ƙarshe, babu ita. Ko matar ta gani, ina za ta same ni?

Ki gyara. Ba roƙonki nake ba, aikinki ne.

Kakarki.

*

Kaka,

Na ga saƙonki, na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ban manta waken ba, Mama ba ta bari in manta. Muna lafiya. Ƙafafuna sun kumbura, takalmin maigidan nake sawa in je aiki, shi ma yana gaishe ki. A gaida Baffa da Anti mai kemis, sannunta da ɗawainiya.

Na buɗe shafin na ga layinki. Cuta biyu ce ta same shi, kuma duk na san su.

Ta farko ita ce ta sunaye. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi da lambarsa ake ajiye shi. To tsarin lambobin ba ɗaya ba ne. An ajiye sunanki da sabon tsari wanda ya san haruffanmu masu lanƙwasa, amma shafin yana karantawa da wani tsohon tsari da bai san su ba. Kamar ki auna hatsi da babban kwano, wani ya zo ya ƙirga da ƙarami. Hatsin bai ragu ba, ƙirgar ce ta rikice. Duk mai irin waɗannan haruffa a sunansa haka layinsa ya zama, ba ke kaɗai ba ce.

Ta biyu ita ce alamar keken. A wurin shafin intanet, bakin tsuntsun nan in harafi ya manne masa, ba zane ba ne, farkon umarni ne. Da ya gan shi sai ya ɗauka duk abin da ya biyo baya magana ce ake yi da shi, ba da mutane ba, ya haɗiye ya ƙi nunawa. Mu masu aikin mukan sa wa irin waɗannan alamomi riga kafin mu saka su a allo, mu rubuta < a madadinta, shi kuma ya nuna wa mutane bakin tsuntsu lafiya lau ba tare da ya ɗauke shi umarni ba. Wanda ya haɗa shafin bai sa wannan matakin ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, mai yiwuwa maganarki tana nan a ajiye ba ta ɓata ba, har da lambar wayar. Nunawa ce kawai ba a yi.

Sai dai Kaka, shafin ba nawa ba ne. Ba ni da makullinsa, ba zan iya taɓa komai a ciki ba. Zan ga abin da zan iya yi.

Kada ki sake dukan ɗan gwangwan, aikinsa yake.

Jikarki, Tabarau.

*

Tabarau,

Mai kemis ce dai. Tana mura, ta ce in taƙaita. Ba zan taƙaita ba.

Ina fatan kumburin ya sauka. Ki riƙa ɗora ƙafa a kan matashi, ki rage gishiri. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta.

An karanta mini takardarki har sau biyu. Kwanon hatsi na gane. Rigar alama ban gane ba, amma ba sai na gane ba. Abin da na gane sarai shi ne “zan ga abin da zan iya yi”. Yarinya, na tsufa da jin wannan maganar. Ita aka faɗa mini a ofishin da suka kwashe mu lokacin da na je tambayar inda aka kai su Ƙyalƙyali. Ita likitan gwiwa ya faɗa. Duk wanda ya ce mini zai ga abin da zai iya yi, na san in ɗauki mayafina in kama hanya. Da kin ce mini ba za ki yi ba, da ya fi mini, ni ba na jin haushin a'a.

Kin cika takarda da bayanin cuta, kin san sunanta, kin san uwarta da ubanta, sannan kin ce maganin yana ɗakin da ba ki da makulli. To wa yake da shi? Ba shi da ƙofa a buga?

Ga sabon abu. Na ce mai kemis ta sake sa ni a allon, ta bar alamar a waje tunda ita ce mai haɗiya. Ta je ta tarar an rufe karɓar sababbi. Sakataren ƙungiyar 'ya'yan unguwar ya sa sanarwa a sama da jan rubutu, wai yara marasa aikin yi sun cika musu shafi da shirme, don haka duk layin da ya ga ya lalace zai share shi kafin a sake buɗewa. Ni ce yara marasa aikin yi. Ni da furfurata.

Direba ya kawo kwalaye. Na ce masa in keken bai shiga ba, ni ma ban shiga ba. Ya ce, “Inna, ƙarfe ne fa.” Na ce na sani, ni na fi kowa sanin nauyinsa, sau nawa na tashi da shi daga gidan haya zuwa gidan haya. Ya ce mai shi ƙila ta daɗe da mutuwa. Na ce in ta mutu ta bar 'ya'ya, in babu 'ya'ya ta bar jikoki, ajiya ba ta mutuwa don mai ita ta mutu. Ya fita yana kaɗa makullin mota. Halin ubansa, in ya rasa amsa sai ya nemi abin kaɗawa.

Ba na tsammanin amsa. Na rubuto ne don ki san na ji.

Kakarki.

*

Tabarau,

Yau mai kemis da kanta ta ce mu rubuta.

Da na ji shiru mako ya bi mako, na ce shi ke nan, yarinya ta yi fushi, ko ta ga abin da za ta iya yi ta ga ba komai. Jiya Direba ya zo da labari, wai tun kwanaki aka kwantar da ke asibiti, aiki aka yi miki aka ciro 'yar. Ba wanda ya ga ya dace ya faɗa mini, tunda kurma ce ni. Barka. Allah ya raya, ya ba ki lafiya. Kada ki ɗaga abu mai nauyi, kada ki yi dariya da ƙarfi, ɗinkin yana buɗewa. Mijin ya yi wanki, ba zai mutu ba.

Maganar da na yi a waccan takardar, na janye rabi. Ɗaya rabin yana nan sai na gani.

Ɗakin ya zama fili. An kwashe gado, a tabarma nake kwana. Kwanuka sun tafi, labule ya tafi, daga ni sai buta sai keken. Sabon mai gidan ya turo magina sun auna bango ina zaune, ɗaya har ya ɗora awonsa a kan keken, na ce ya sauke. Ɗan gwangwan kullum sai ya bi ta ƙofa da kurarsa ya rage tafiya. Yanzu har gaishe ni yake yi.

Mai kemis ta ce za ta iya ajiye mini keken a bayan shagonta na ɗan lokaci. Na leƙa wurin, rufin yana yoyo. Na yi shekaru ina hana shi tsatsa, ba zan kai shi da hannuna inda zai yi ba.

Ta duba allon da safe. Layina yana nan, da shirmensa. Sakataren bai share ba tukuna.

Ki kula da jaririyar, wannan ya fi. Ba na ce ki tashi daga gado don keke ba.

Kakarki.

*

Kaka,

Ki sa Anti mai kemis ta zaunar da ke kafin ta karanta wannan, kuma ta karanta kusa da kunnen da ya fi ji.

Mun dawo gida. Yarinyar lafiyarta ƙalau, tana da ɗaure fuska, maigidan ya ce bai san inda ta samo ba, ni na sani. Ɗinkin yana warkewa. Rabin maganar da kika janye na karɓa, yanzu ga kuɗin ɗaya rabin.

Tun ranar da na rubuto miki na farko nake neman mai makullin shafin. Na aika saƙo ba amsa. Ina kwance a asibiti na ga sanarwar sharewar, na ce wa maigidan ya bar mini jaririya ya je ya nemo mini lambar mutumin ko ta halin ƙaƙa. Ya samo ta wurin wani ɗan ƙungiyar.

Sakataren dattijo ne, tsohon ma'ajin sito, shi ma ɗan unguwarku ne. Ba mugu ba ne, Kaka. Wani ne ya haɗa masa shafin ya tafi ya bar shi da shi, yana yi don Allah, ba a biyansa. Da na kira shi ya riga ya ware layukan da zai share. Na ce, “Baba, kada ka taɓa komai, waɗannan ba shirmen yara ba ne, mutane ne.” Ya ce, “Duka?” Na ce duka.

Makullin bai yarda ya ba ni ba, kuma ban ga laifinsa ba, lambobin mutane ne a ciki. Sai muka yi ta waya mai hoto, shi yana dannawa, ni ina kwance ina faɗa, jaririya a ƙirjina. Da farko na sa ya kwafi komai ya ajiye gefe, ko da za mu yi ɓarna. Sannan muka faɗa wa shafin ya riƙa karatu da tsarin da aka yi ajiya da shi. Layi ɗaya tak muka canza. Ya sabunta shafin sai na ji ya yi salati. Sunayen da ya ɗauka shirme duk sun miƙe, har ya ga na wani abokin wasansa a ciki. Ya ce in ɗan jira shi, ya ajiye wayar. Na ji yana fyace hanci.

Bayan nan muka sa matakin da ke sa wa alamomi riga kafin a nuna su. Saƙonki ya fito cif, da bakin tsuntsun, da lambar Anti.

Mu a wurin aiki in mun yi gyara mukan gwada mu tabbata ya kama ko'ina. Sai na ce ya nemo mini duk saƙon da ke da wannan alamar a cikin allon gaba ɗaya, in ga ko akwai wanda ya rage. Ina tsammanin naki kaɗai zai fito.

Biyu suka fito.

Ɗayan tun bara aka sa shi. Mai shi da alamar ta fara, don haka shafin ya haɗiye saƙon tun daga kalmar farko, gidan ya zama fari fat. Sunan mai nema da na wadda ake nema duk sun rikice. Shi ya sa ko Anti ta bi ta kansa ba za ta gane ba, kuma shi ne na farko a cikin waɗanda Baba sakatare zai share. Ga abin da ke ciki, ban canza ko ɗigo ba:

“<S Wadda ke da keken ɗinki mai wannan alamar a ƙarƙashi nake nema. Ana ce mata Ɗaci. Mu ma ba mu zauna inda aka kai mu ba, an sake tashinmu, na rasa hanyarta. Ba keken nake nema ba. Nata ne, tun ranar na ba ta. Na ce ajiya ne don na san in na ce kyauta za ta wurgo mini shi daga kan mota. Ina so in ji ko ya ciyar da yaran. 'Yata ce ta rubuta mini, ga lambarta.”

Na kira lambar. 'Yarta ta ɗauka, ta ce sun yi ta duba shafin wata da watanni, da suka ga layinsu fari sai suka haƙura. Tana raye, Kaka. Ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, ba ta tafiya, amma bakin yana aiki, ina jiyo ta daga nesa tana cewa a ba ta wayar. Tambayarta ta farko, “Har yanzu ba ta dariya?” Ta biyu, “Ta iya ɗinkin kuwa, ko ta lalata mini suna?”

Na ce mata kina lafiya. Ban faɗa mata ba ki taɓa sa masa zare ba. Wannan ke za ki faɗa.

Na tura wa Baffa kwatancen garin. Ya ce tafiyar yini ce a mota.

Jikarki, Tabarau.

*

Tabarau,

Mai kemis ce. Ta ce tana so ta sa nata layi ɗaya a ƙarshe, na ce ta sa a takardarta.

Ina gaishe ki, ina gaida mai wanki, ina gaida mai ɗaure fuska. Ku bar ta ta ɗaure, duniya ba abin dariya ba ce kullum. Ni lafiya. Gwiwa ta ji labarin tafiya ta fara sabon salo, ba zan kula ta ba.

An karanta mini. Na sa aka maimaita wurin “nata ne”.

Wawiya. Rubuta haka, mai kemis, kada ki canza. Wawiya ce tun tana yarinya. Ni na yi wankau har fatar hannuna ta zama kamar bayan kada, na yi wa mutane daka, na yi aikatau, na ciyar da yaran nan da ƙyar, keke yana kusurwar ɗaki lulluɓe da zanena mai kyau yana shan mai. Ashe nawa ne. Ba ta da baki ne? Na zauna na yi ta zaginta a raina, sai kuma na tuna ranar. Gaskiyarta. Da ta ce kyauta, da na wurgo shi. Mijina bai daɗe da mutuwa ba, kowa yana kallona da idon tausayi, na ƙoshi da shi har wuya. Ta san ni. Abin da ba ta sani ba shi ne in aka ce mini ajiya, ajiya nake ji.

Mai kemis ta ce wai na yi dariya. Ban yi ba, tari ne.

'Yar tata ta turo muryarta, aka ƙure ƙara aka manna mini a kunnen dama. Na ji. Muryar ta tsufa amma rashin kunyar yana nan. Ta ce in zo da wuri kafin ɗayanmu ta ba ɗaya kunya.

Jiya da hantsi na yaye zanen. Na aiki mai kemis ta samo zare da allura wurin telan bakin titi, shi ya zo ya nuna mana yadda ake zarga shi. Na taɓa ganin Ƙyalƙyali tana yi, ƙafa ba ta manta abin da ido ya gani ba. Na taka. Tabarau, ko tari bai yi ba. Ya tashi kamar jiya aka ajiye shi. Telan ya ce in zan sayar shi yana so, na ce ya bi layi bayan ɗan gwangwan. Na yanki gefen zanen da nake lulluɓe shi da shi na yi wa 'yarki abin goyo. Ɗinkin ya karkace kamar hanyar maye. Ki yi amfani da shi haka, shi ne na farko da keken ya yi a hannuna, ba na son gyara.

Direba ya zo ya tarar ina takawa, ya tsaya a ƙofa ya kasa kaɗa makulli. Ya ce yanzu tunda nawa ne sai a san yadda za a yi da ɗakin bene. Na ce wa ya ce nawa ne? Ita ta ce. Ni ban karɓa ba tukuna. Za a kai shi gabanta, ta faɗa mini a idona, sannan in ga ko zan wurgo mata. 'Yarta ta ce akwai jika a gidan da ke son koyon ɗinki, kuma akwai ɗaki in zan kwana biyu. Za mu gani. Wannan “za mu gani” tawa ce, ba irin ta ofis ba.

Yanzu ga yadda abubuwa suke, kowa ya san nasa, don in na yi nisa kada a rikice.

Ke kina bina rabin magana. Na janye shi, mun rabu lafiya. Ni ina binki hoton yarinyar a cikin abin goyon, da zuwa da ƙafarki in ɗinki ya warke.

Mai kemis tana bina biro biyu da na ƙarar mata, da maganin murar da ta sha saboda ni a bakin ƙofa. Na bar mata butata ta ƙarfe da kujerar tsakar gida. Ta ce ba ta so. Ki faɗa mata ajiya ce.

Baba sakatare ina binsa ban haƙuri, ya kira ni yara marasa aikin yi. Shi kuma yana bina godiya. Ki ce masa a bar su su cinye juna. Amma ya buɗe allon, akwai masu jira.

Ɗan gwangwan ba ya bina komai. Na ba shi tsohon bel ɗin da murfin tukunya don zirga-zirgar da ya yi.

Direba zai ɗauki keken a motarsa, man motar nasa ne, tunda shi ya ce ƙarfe ne.

Saura Ƙyalƙyali. A wurina tana bina keke. A wurinta ba ta bina komai. Ni kuma ina binta almakashina da ta ara ana gobe za a tashe mu, tana tsammanin na manta. Wannan ba a takarda za a raba shi ba.

Gobe da safe za mu kama hanya. Na ce a ɗaure shi da kyau, a sa bargo ƙarƙashinsa, ni kuma a sa ni a baya kusa da shi. Na kawo shi har nan bai yi tsatsa ba, ba a hanyar ƙarshe zai ƙuje ba.

Kakarki.